Muhawara: Yaushe ake cewa an gama gwada ƙa'idar madauki mai sarrafa kansa?

Auwal: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka taɓa aiki da injin ƙa'idoji na ONAP ce, wato manhajar sarrafa netwok ɗin sadarwa ta atomatik. Na rubuta ƙa'idar madauki guda, wato tsarin da ke auna netwok ya yi gyara da kansa: idan fakitin bayanai da ke shiga katangar tsaro (firewall) suka haura iyaka, DCAE mai tattara awo ta aiko da saƙon ONSET na fara matsala, Drools mai zartar da ƙa'ida ya karɓa, ya nemi bayanin na'urar a A&AI, rajistar na'urori, sannan ya umarci APPC mai sarrafa na'urori ta gyara saitin. Na ɗora ƙa'idar, na tura ta ta PAP mai rarraba ƙa'idoji, na jefa saƙon ƙararrawa da hannuna, kuma a POLICY-CL-MGT, inda ake sanar da matakan madauki, na ga ACTIVE, na ga OPERATION, daga ƙarshe FINAL: SUCCESS. A&AI da APPC duk na kwaikwayo ne, waɗanda ke zuwa tare da manhajar. Yanzu ana son in sa hannu cewa an gwada. Wannan ya isa, ko da saura?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Kada ka sa hannu.

Nafi'u: Haba Malam, ka faɗa masa dalili mana. Auwal, abin da ka yi ba banza ba ne. Shi ne matakin farko, kuma su kansu masu ONAP haka gwaje-gwajensu na haɗa sassa suke tafiya: a tada kwantenoni, a ɗora ƙa'ida, a jefa saƙo, manhajar gwaji ta Robot Framework ta duba ko amsar da ake jira ta fito. Ka tabbatar rubutun TOSCA ɗinka, wato salon da ake rubuta ƙa'idar da shi, daidai yake, sunan madaukin da ke cikin saƙo ya dace da wanda ke cikin ƙa'ida, kuma sassan suna jin maganar juna. Mutane da yawa a nan suke makalewa.

Malam Habibu: Dalili shi ne, APPC ɗin kwaikwayo ba ta san kalmar a'a ba. Ko me ka aika mata, cikin ƙiftawar ido za ta ce an yi. Mu da muke kwana a ɗakin sa ido mun san na'urar gaske ba haka take ba. Wani lokaci ta amsa bayan minti uku, wani lokaci ta yi shiru, wani lokaci ta ce ta yi alhali rabi ta yi.

Injiniya Rabi: Auwal ƙanena, bari in ɗan tsawaita, don akwai abin da ya ɓace a tsarin gwajinka gaba ɗaya, ba wai yawan gwajin ne ya yi kaɗan ba.

Madauki ana kiransa madauki ne saboda abin da ya aikata yana komawa ya canza abin da ake aunawa. A gwajinka kai ne ka rubuta saƙon ƙararrawa, makwaikwayi ya ce an gyara, magana ta ƙare. Babu inda gyaran ya koma ya taɓa awo. Layi miƙaƙƙe ka gwada.

Dubi misalin katangar tsaro na ONAP kansa, wanda yake nan tun fitowar farko, Amsterdam, a 2017. Na'urori uku ne: mai samar da fakiti, katangar, da mai karɓa. Iyakokin biyu ne, 300 a ƙasa da 700 a sama cikin daƙiƙa 10. In awo ya fita daga tsakaninsu, ƙa'ida ta sa a mayar da mai samar da fakiti kan magudanai 5, wato fakiti 500. Ka lura da inda 500 ta faɗo: tsakiya, da tazarar 200 ta kowane ɓangare. Ba sakaci ba ne. Yanzu a ce wani ya zo ya matse iyakokin zuwa 480 da 520 don yana son daidaito. Ƙa'idar za ta ɗoru lafiya, gwajinka zai ba da FINAL: SUCCESS kamar kullum, amma a netwok ɗin gaske ɗan kaɗawar awo kaɗai zai riƙa tada madaukin ba tsayawa. Gwajin da ba zai iya bambance waɗannan saituna biyu ba, bai gaya maka komai game da halin madaukin ba.

Na biyu shi ne jinkiri, kuma shi ya fi cin mutane. Ɗauki madaukin ƙara ƙarfi, irin na misalin vDNS na ONAP, inda ƙa'ida ke umartar SO, mai tada sabbin ayyuka, ta tada ƙarin VM, wato kwamfutar da ke gudana a matsayin manhaja. A ce tadawar na ɗaukar minti biyar kafin sabon ya fara karɓar kaya, na'urar kuma tana aiko da awo kowane daƙiƙa 10. Cikin minti biyar ɗin nan awo 30 za su iso, dukkansu suna cewa kaya ya yi yawa, kuma gaskiya suke faɗa. Me ƙa'idarka za ta yi da sauran 29? In amsarka ita ce "ina jin kulle zai hana", to ba ka gwada ba ke nan.

Auwal: Na gode Yaya Rabi. To amma ai Drools yana kulle abin da yake aiki a kansa, ba ya barin madauki biyu su taɓa na'ura ɗaya lokaci guda. Wannan bai rufe ƙofar ba?

Injiniya Rabi: Ya rufe ta muddin aikin na gudana. Tambayar ita ce yaushe ake sakin kullen. Idan an sake shi da zarar SO ta ce ta gama, amma kaya bai rarrabu kan sabon VM ba tukuna, awo na gaba zai shigo ta ƙofa a buɗe. A tsakanin "an gama" da "an ga tasiri" akwai gurbi, kuma a nan madauki ke wuce gona da iri. Sannan ka duba wa'adin kullen da wa'adin aikin. In kullen ya riga aikin ƙarewa, kamar babu shi ne.

Nafi'u: Wannan ai aikin gadi ne. Ka sa ƙa'idar FrequencyLimiter, ka ce sau ɗaya cikin minti goma, ka ƙara MinMax ka ce kada yawan VM ya wuce kaza. Kafin kowane aiki Drools zai tambayi XACML, injin da ke riƙe da ƙa'idojin gadi, in ta ce Deny, wato a'a, magana ta mutu. Ban ga abin tashin hankali ba.

Malam Habibu: Wa ya gwada gadin?

Nafi'u: Malam kai kam kullum sai ka ga baƙin abu.

Malam Habibu: Tambaya na yi. Na sha ganin ɗakin gwaji inda aka kashe gadi tun ranar farko saboda yana hana mutane maimaita gwaji da sauri. Ana gama komai, a kunna shi ranar da za a shiga aiki, ba wanda ya taɓa ganin ya hana wani abu. Kuma FrequencyLimiter ba da ka yake ƙidaya ba, daga tarihin ayyuka da ke rumbun bayanai yake karantawa. In rubutawa cikin rumbun ta yi jinkiri ko ta tsaya, lissafinsa sifili ne, zai ce a wuce. MinMax kuma ya dogara da adadin da aka samo daga A&AI. In rajistar A&AI ta tsufa, tana cewa biyu alhali huɗu ne a ƙasa, gadi zai yanke hukunci daidai a kan ƙarya.

Ku tuna abin da ya faru da Facebook ranar 4 ga Oktoba 2021. Su da kansu suka bayyana cewa suna da manhajar da ke tantance umarni kafin ya wuce, amma wani kuskure a cikinta ya hana ta tsayar da umarnin da ya katse babbar hanyar da ke haɗa cibiyoyinsu. Bayan haka sabobin DNS ɗinsu, masu fassara sunan shafi zuwa adireshi, da suka ga ba sa iya kaiwa ga cibiyoyin bayanai, suka janye sanarwar BGP da ke nuna wa intanet hanyar zuwa gare su da kansu, kamar yadda aka tsara su. Wajen awa shida duniya ba ta ganinsu. Mai gadi bai hana ba, madaukin kariya kuma ya yi aikinsa daidai ya ƙara dagula lamarin.

Nafi'u: Na yarda a gwada gadi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan salon na kawo labarin babbar gobara duk lokacin da aka ce a bar injin ya yi aiki. Umarnin Facebook ɗin ma ai lokacin aikin gyara aka bayar da shi, ba madauki ne ya ƙirƙiro shi ba. Mutum ma yana kuskure, kuma ƙarfe uku na dare ya fi injin kuskure. In muka bi ta Malam Habibu, har abada ba za a rufe madauki ko ɗaya ba.

Malam Habibu: Mutum yana kuskure sau ɗaya ya tsaya ya dafe kai. Injin yana yin kuskuren a na'ura ɗari biyar kafin in ajiye wayar da ke hannuna.

Zainab: Ku ba ni dama in shigo daga ɓangaren rediyo. Duk maganarku kan madauki ɗaya ce, mu kuwa ciwon kanmu madaukai biyu ne da kowanne lafiyarsa ƙalau. Ɗaya na tanadin wuta: kaya ya yi ƙasa da dare, ya kashe wani sel, wato ɓangaren tashar waya da ke hidimar wani yanki. Ɗayan na daidaita kaya: ya ga maƙwabcin sel ya cika, ya nemi a kunna wanda aka kashe. Kunnawa ta sa kaya ya sauka, na farko ya sake kashewa. Ka gwada kowanne shi kaɗai shekara guda, ba za ka ga aibu ba. Kulle ma ba zai cece ka ba, tunda ba lokaci guda suke aiki ba, bi da bi suke yi. Shi ya sa a O-RAN, buɗaɗɗen tsarin netwok ɗin rediyo, aka ware aikin sasanta rikici tsakanin ƙananan manhajoji (xApps) a cikin RIC mai sauri, wato mai sarrafa rediyon, mai aiki tsakanin milidaƙiƙa 10 da daƙiƙa ɗaya, ga kuma RIC mai nawa, mai aiki sama da daƙiƙa ɗaya, yana turo nasa ƙa'idojin ta mahaɗar A1. Madauki mai sauri da mai nawa a kan abu ɗaya, in ba a raba musu hurumi ba sai sun yi karo.

Auwal, kafin komai ka nemi jerin duk madaukan da ke iya taɓa wannan katangar, har da waɗanda ba a cikin ONAP suke ba. In a kan Kubernetes take, manhajar da ke kula da kwantenoni, shi ma yana da nasa: yana sake tada abin da ya faɗi, yana iya ƙara kwafi. Shi bai san da zaman Drools ba.

Injiniya Rabi: Zainab ta taɓo wurin. ONAP na da gadin haɗin kai, FirstBlocksSecond, inda madauki na farko ke hana na biyu motsi a kan abu guda. Amma sai ka san cewa biyun suna rikici kafin ka rubuta shi, kuma ba za ka sani ba sai ka kunna su tare a kan awo mai amsawa.

Auwal: To Yaya, a aikace yaya zan yi? Ba ni da netwok ɗin gwaji mai kaya na gaske. Kwamfutocin saba biyu ne kawai a hannuna.

Injiniya Rabi: Saba biyu sun isa ka yi nisa. Ba sai ka gina tagwayen netwok mai tsada ba. Rubuta ƙaramar manhaja ta tsaya a madadin na'urar, mai riƙe lamba ɗaya, yawan kaya. Tana fitar da awo a kan lokaci da ɗan kaɗawa a ciki. In umarni ya zo mata, ta jira wani lokaci da kai ka zaɓa, sannan ta canza lambar. Shi ke nan ka rufe madaukin. Daga nan ka riƙa juya jinkirin: daƙiƙa biyar, minti ɗaya, minti goma. Abin da za ka zana ba FINAL: SUCCESS ba ne, yawan umarnin da aka aika ne da yadda lambar ta yi tafiya. In ka ga tana hawa da sauka ba ta zauna ba, ka kama shi.

Sai ka koya wa makwaikwayin rashin kunya. Ya ƙi amsawa, ka ga ko wa'adi ya cika an fita ta hanyar da ka rubuta. Ya amsa da kuskure, ka ƙirga sake gwadawa, ka ga an tsaya a adadin da ka sa. Mafi muni, ya amsa da nasara bayan wa'adi ya wuce, lokacin da Drools ya riga ya aika umarni na biyu. A nan za ka san ko aikin naka yana jure maimaici. "Mayar da magudanai 5" ko sau goma aka aika sakamako ɗaya ne. "Ƙara VM ɗaya" in aka aika sau biyu, biyu ne. "Sake tada na'ura" in aka aika sau biyu, ka kashe ta tana tsakiyar tashi.

A ƙa'idar aiki kowane mataki yana da mafita daban: nasara, gazawa, cikar wa'adi, ƙarewar sake gwadawa, kuskuren da ba a zata ba, da hanin gadi. Shida ke nan. Ka bi ɗaya.

Garba: Ƙari kaɗan kan saƙonni, tunda nan ne aikina. Tsofaffin fitowar ONAP da DMaaP suke isar da saƙonni, sababbi sun koma Kafka kai tsaye, kuma a yadda aka saba saita ta, alƙawarinta shi ne saƙo zai iso aƙalla sau ɗaya, ba sau ɗaya tak ba. Jerin isowa ma a cikin sashe guda kawai ake lamunce shi. Don haka ka aika ONSET ɗaya sau biyu da requestID, wato lambar shaidar saƙo, iri ɗaya. Ka aika biyu masu requestID daban a kan na'ura ɗaya. Ka aika ABATED, saƙon cewa matsala ta lafa, kafin ONSET ɗinsa. Ka aika ONSET ka hana ABATED zuwa sam. Sannan wanda mutane ke mantawa: kashe PDP, injin yanke hukunci irin su Drools, na rabin awa, ka bar saƙonni su taru, ka kunna. Zai bi tsofaffin ƙararrawa yana gyara matsalar da ta warke tun ɗazu?

Malam Habibu: Wannan na ƙarshen na gani da idona a wani wuri da na yi aiki. An dawo da injin bayan gyara, ya tarar da tarin ƙararrawa, ya shiga sake tada na'urori masu lafiya ɗaya bayan ɗaya. Garba, Allah ya saka da alheri.

Nafi'u: Duk na ji, kuma yawancinsu ana iya mayar da su gwajin da ke gudana da kansa duk lokacin da aka taɓa ƙa'ida, wanda shi ne abin da nake faɗa tun farko. Amma ina da tambaya ga Malam da Injiniya. XACML ta faɗi, Drools ya tambayi gadi bai samu amsa ba. A wuce ko a tsaya? Ni a ganina in aikin warkarwa ne, a wuce. Abokan hulɗa na cikin duhu, ba za ka bar su ba saboda mai gadi ya tafi.

Malam Habibu: A tsaya, a kira mutum. Ranar da gadi ya faɗi, da wuya shi kaɗai ya faɗi. Galibi wani babban abu ne ke faruwa, rumbun bayanai ko hanyar da ke haɗa su, kuma a irin wannan ranar ƙararrawar ƙarya ta fi yawa. Ranar da ka fi bukatar birki ita ce kake cewa a cire shi.

Nafi'u ka ce ina kawo labarin gobara, to ga na gidanmu, harkar sadarwa. Ranar 15 ga Janairu 1990, netwok ɗin kiran nesa na AT&T a Amurka ya rikice wajen awa tara. Na'urorin haɗa kira na 4ESS guda 114. Ɗaya a birnin Niyok ta samu ƴar matsala, ta sake tada kanta kamar yadda aka tsara, ta dawo aiki. Saƙonnin da ta aika wa maƙwabta bayan dawowarta, da suka iso kusa da juna, suka taɓo wani kuskure a sabuwar manhajar farfaɗowa, maƙwabtan su ma suka sake tada kansu, suka dawo, suka aika nasu. Kowace na'ura warkar da kanta take yi. Manhaja ɗaya ce a cikinsu duka, shi ya sa ba wadda ta tsira. Abin da ya kwantar da shi, rage yawan saƙonnin da ke yawo tsakaninsu aka yi, sannan aka koma tsohuwar manhaja.

Nafi'u: Shekara talatin da wani abu ke nan fa.

Malam Habibu: Ƙa'ida ɗaya da ka tura wa rukunin PDP gaba ɗaya, me ya bambanta ta da manhaja ɗaya a na'ura 114?

Injiniya Rabi: Kan tambayar Nafi'u, ni ina kusa da Malam amma ba gaba ɗaya ba. Ya danganta da ko aikin na komawa baya da kuma faɗin abin da zai taɓa. Canza saitin da za a iya mayarwa cikin daƙiƙa a na'ura ɗaya, zan iya lamunta. Sake tada wani abu da dubban mutane ke kansa, a'a. Sai dai ko wanne kuka zaɓa, Auwal ya kashe XACML da hannunsa ya ga abin da injin ke yi a zahiri, kada ya dogara da abin da aka rubuta a takarda. Kuma lura, gadin yawan aiki a kan na'ura ɗaya ba ya hana a taɓa na'ura ɗari biyar sau ɗaya ɗaya. Wannan iyaka ce ta dabam, sai an yi tunaninta.

Zainab: Abin da muke yi kafin rufe madauki: a bar shi ya karɓi awon gaske na netwok, ya yanke hukunci, amma umarnin ya tafi rajista maimakon na'ura. Bayan wasu makonni a zauna da mutanen ɗakin sa ido a bi jerin: nan da ya yi kaza, ku me kuka yi? Ana gano iyakokin da aka sa ba daidai ba da yawa ta haka.

Injiniya Rabi: Yana da amfani ƙwarai, amma shi ma layi miƙaƙƙe ne, tunda hukuncin bai taɓa awo ba. Zai nuna maka ƙararrawar ƙarya, ba zai nuna maka kaɗawa ba. Shi ya sa ake haɗa shi da waccan ƙaramar manhajar, sannan a buɗe wa madaukin na'ura ɗaya ko biyu marasa nauyi kafin sauran.

Auwal: Na rubuta duka. Saura ɗaya: na ga masu ONAP suna yin gwajin juriya na awa 72 da manhajar JMeter. Ni ma sai na yi?

Garba: Nasu don injin ne, su ga ko ƙwaƙwalwa na zuba ko saurin amsa na raguwa. Naka ya fi amfani in ka cika shi da saƙonnin da ba sa ƙarewa lafiya, don a nan ake barin shara: kullen da ba a saki ba, madaukin da ke jiran ABATED da ba zai zo ba. Ka duba yawan abubuwan da ke zaune a ƙwaƙwalwar Drools a farko da ƙarshe. In kana da gadi mai tazarar lokaci kuma, ka bar gwajin ya ratsa tsakar dare, ka tabbatar agogon kwantena da agogon wanda ya rubuta ƙa'idar yankin lokaci ɗaya suke nufi.

Nafi'u: Ni dai har yanzu ina kan bakana game da aikin warkarwa. Malam, za mu dawo kanta.

Malam Habibu: Ina nan. Auwal, kafin ka tafi: cire ƙa'idar ta PAP ana tsakiyar aiki, ka riƙe agogo. Daƙiƙa nawa kafin PDP ya daina karɓar sabon ONSET, kuma umarnin da ya riga ya tafi wurin APPC me ya same shi, an bar shi ya ƙarasa ko an yar da shi rabi? Ka sa wani daga masu aikin dare ya yi cirewar, ba kai ba, da izinin shiga irin nasa. In sai ya kira ka kafin ya iya, ka rubuta hakan a rahoton.

Auwal: To Malam. Zan fara da makwaikwayin mai jinkiri, in ɗora muku zanen a nan idan ya fito.